Hatimin da ke Jikin Sabon Inji

A kamfaninmu na sabulu, inji ba ya fara aiki sai mun kwance shi ɗai-ɗai mun mayar. Baba ne ya kafa wannan al'ada, da ita muka koyi gyara har muka kai ga ƙera namu injin yanka. Ni ce shugabar masu gyara, Yaya kuma shi ne manaja.

Sai ga sabon injin naɗe sabulu, mai kwamfuta a ciki, da jan hatimi manne a murfinsa. Injiniyan da ya kawo shi ya ce duk ranar da aka taɓa hatimin, garanti ya tashi. In ya lalace a kira su kawai.

"To mu kuma mu yi me, gadi?" na ce.

Yaya ya ce, "Ke dai da zafin kai. Sauran injinan ma irinsa za mu sauya. Sashenki sai a rage shi."

A rage shi! Mutanen da na horar da hannuna. Raina ya ɓaci, amma gaskiya har da tsoro, don ban taɓa buɗe irin wannan injin ba.

Washegari da hantsi Baba ya shigo yana dogara sandarsa. Ya daɗe da ajiye aiki, yanzu ko kofin shayi rawa yake a hannunsa. Ya zagaya injin a hankali, ya shafa murfin.

"Auta, ba ni sukudireba."

Yaya ya matso. "Baba, don Allah, garantin fa..."

"Na ji. Inji ka saya ko aro ka yi?"

Sai da ya kuskure sau biyu kafin bakin ƙarfen ya kama hatimin. Ya tsaga shi, ya miƙo mini sukudireban.

Na ɗaga murfin. Wayoyi ne sirara kamar gashi, da allunan kore jere. Wallahi ko abu ɗaya ban gane ba. Ni mai cika bakin jiya, gumi ya karyo mini.

"Baba, ban san kansa ba," na ce ƙasa-ƙasa.

"Ni ma haka na ga na farko." Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora sandar a cinya. "Yanzu ba mai zuwa ya gyara mana. Kira mutanenki."