Goma Kawai

Tun hunturun bara, da cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa, Orval bai ƙara kiran sunan 'yarsa Twila ba. Twila ce ke yi masa aski, ita ke kai masa kofi, shi kuwa sai ya ce, "Na gode, baiwar Allah," kamar wata ma'aikaciyar kanti. Abin yana ci mata rai, ba ta dai faɗa wa kowa.

Ran nan mijinta Royce ya fito da tsohuwar bindigar surukinsa ya shimfiɗe ta a teburin kicin. Orval ya saye ta ne a zamanin dokar taƙaita bindigogi da Amurka ta kafa a shekarar casa'in da huɗu, lokacin da diloli suka addabi 'yan tumakinsa. Bindiga ce da doka ta yi wa aski: bakinta tsirara, babu wajen ɗaura wuƙar banati, ƙotarta da wani rami da ake zura babban yatsa. Gidan harsashinta kuma goma yake ci, ko ɗaya ba ya ƙarawa.

"Dubi wannan abin kunya," in ji Royce. "Dokar ta mutu tun yaushe, mu muna nan muna yi mata biyayya! Zan sauya ƙotar, ga sabuwa nan, ga kuma gida mai cin talatin na sayo."

Royce ba mugu ba ne, amma ba ya ganin abu zaune lafiya ya ƙyale shi.

"Kai dai da karambani," in ji Twila. "A kanta na koyi harbi, ka sani."

Suna cikin haka sai tsohon ya taso daga kujerarsa, yana jan silifa. Twila ta yi sauri ta duba bindigar, babu komai a ciki, sannan ta tura masa kwalin harsasan gwaji, waɗanda ba su da albarushi.

Mutumin da cokali ke gagara saboda rawar hannu, sai ga shi ya ɗauki sabon gidan harsashin Royce da hannu ɗaya. Rawar hannun ta tsaya cak. Babban yatsansa ya shiga dannawa, ƙwas, ƙwas, bai ko kalli abin da yake yi ba. Twila ta tsaya tana bin yatsan da ido. Ba ta taɓa zaton akwai abin da cutar nan ta rage masa ba.

Da ya kai na goma ya tsaya.

"Baba, ai da sauran wuri," in ji Royce a hankali. "Har ashirin."

"Kai wane ne?" Orval ya harare shi. "So kake a ɗaure ni?"

Royce ya haɗiye dariyarsa, ya ja da baya.

Tsohon ya juyo. Ya kama hannun Twila, ya zura babban yatsanta cikin ramin ƙotar, daidai yadda ya yi mata tana 'yar shekara goma sha biyu a bayan garke.

"Goma kawai gare ki," ya ce. "Kowanne ki san inda za shi. Kina ji na, Twila?"

Royce ya miƙa hannu ya janye sabuwar ƙotar daga kan teburin, ya mayar da ita cikin kwalinta.

"Ina jin ka, Baba," in ji Twila.