Na Bi da Ita ta Tsohuwar Hanya

—wai ta sani. Tun a cikin mota ta sani. Kwana tara tana cin abinci a gabana, tana miƙo mini ruwa, tana "sannu da zuwa, Baba," ashe ta sani, ba ta faɗa ba sai yanzu, sai da na tsaya da ita daura da shagon kwamfutar nan ta sauka. "Baba, jami'ar nan gari zan zaɓa. Amma na san ba gyaran da ake yi a sabuwar hanya." Ta rufe mini ƙofa a hankali. A hankali fa. Da ma bugawa ta yi, da na san abin da zan yi da ita.

Ga ta can ta cikin gilas, a kan benci, fayil a cinya. Mutum shida a gabanta. In layi ya zo kanta ta dangwala yatsa a kan na'urar can mai jan haske, shi ke nan, an rufe, ba a canzawa. Haka suka rubuta, haka ta karanta mini har sau uku. Jami'a biyu suka ba ta gurbi, ɗaya za ta ɗauka, yau ce ranar ƙarshe. To ta ɗauka mana. Ba abin da nake so ke nan ba? Me ya sa nake zaune ina matse sitiyari kamar shi ya yi mini laifi?

Ke kika jawo, Malama. Ke, uwarta. "Kai da kake da mota, kai ta ta ga duka biyun da idonta, gani ya kori ji. Amma ka ja bakinka, kada ka sa mata ra'ayi." Kina faɗa kina maka wa littattafan 'yan ajinki jan biro, ko ɗago kai ba ki yi ba. To na ja bakina. Ai na ja. Ki tambaye ta ko sau ɗaya na ce kada ta je. Zancen baki kika yi... ba ki ce komai a kan sitiyari ba.

Ta nan gari, minti ashirin daga ƙofar gida, ko da cunkoso. Lissafi suka ba ta. Lissafi ba karatu ba ne? Ba da shi kike ci da mu rabin wata ba? Ta can kuwa, wai injiniya, hanyoyi da gadoji. Kuma kada ƙaninki ya sake zama a kujerata, da digirinsa biyu da tumbinsa ɗaya, yana ce mini, "Yaya, zamani ya canza, 'ya mace ma—" Wa ya yi zancen 'ya mace? Ni na ce masa 'ya mace? Ni da na tsaya a rana awa huɗu ranar jarrabawarta, shi yana ina? Yana ofis yana shan sanyi. Mutumin da ko tayar motarsa ba ya iya canzawa, sai ya kira ni, shi zai gaya mini abin da ake kira nisa.

Saura biyar. Wancan mai farar riga ya gama, yana murmushi da takardarsa kamar an ba shi sarauta.

Mararrabar nan, ranar da muka tafi. Allo kore, kibiya ta nuna dama — sabuwar hanya, awa shida, kwalta sumul kamar an bi ta da dutsen guga. Shekara biyu ina binta sau uku a mako da fasinja goma sha takwas a bayana. Ban shirya ba. Wallahi ban kwana da abin a raina ba... to, na sa taya biyu ta ko-ta-kwana, na cika jarka biyu da ruwa, wannan ai kowane direba mai hankali — hannuna ne kawai ya karya hagu. Na ce, "Ana gyara a can, Uwata." Uwata. Sunan mahaifiyata na sa mata, bakina bai taɓa furta shi ba, kuma da wannan bakin na yi mata ƙarya. Ta dubi wayarta. Ta daɗe tana duba. Sai ta kife ta a cinya ta ce, "To, Baba."

Waya. Ni da na san kowane rami a hanyar nan kamar yunwar cikina, na manta akwai wani abu a tafin hannun yarinya da ya san inda aka rufe da inda aka buɗe, alhali bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba. Har na ji wata murya ta fara magana daga ciki, ta yi maza ta kashe. Na ɗauka saƙo ne. To me ya hana ta magana a lokacin? Me ya hana ta cewa, Baba, ga shi hanya a buɗe take? Da na yi dariya na ce au, sun gama ashe, na juya, magana ta wuce. A'a. Ta bar ni. Ta zuba mini ido na haƙa ramin da kaina har ya kai mini wuya. Wannan halin naki ne, Malama, ba nawa ba, ku bar mutum ya gama kuskurensa tukuna sannan ku ja masa jan layi.

Kai kuma mai gadin shago, kallon me kake mini? Na tare maka rana ne? Ga fili nan, tirela ma ta wuce.

Awa goma sha ɗaya. Gargada, ramuka, wurin da ruwa ya cinye rabin kwalta. Ta yi amai sau biyu, ta kurkure baki ta dawo ta zauna. Da taya ta yi faci — Allah na tuba — daɗi na ji. Na kwanta ina ɗaga jak ina cewa a raina, gani dai, gani da idonki. Ita kuma ta tsuguna a gefena, ta tattara notuna a bakin mayafinta don kada su ɓata, tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya kafin in tambaya.

Sai kwanar gangaren nan... a'a. Ba zan tuna wannan ba.

Na rage gudu. Ni da ban taɓa rage gudu a wurin ba, sai dai in kau da kai in taka. Na tsaya ma. Na nuna mata ƙarafan motar Dogo a cikin kwari, ciyawa ta fito ta tagogi. Dogo, wanda muka fara koyon mota tare, wanda na ciro da hannuna, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Shekara goma sha shida ko ke ban ba ki labarin ya cika ba, in kika tambaya sai in tashi in fita. Amma na zauna na zayyana wa 'yar shekara sha bakwai, daki-daki, har da takalmin. A kan hanyar da ba mai binta yanzu sai masu lodin gawayi. Na tono abokina daga kabari na sa shi aiki. Dogo, ka yafe mini... ko kada ka yafe, kai ma da 'yarka ce da ka yi fiye da haka.

Saura uku. Wa ya ce su yi sauri haka? Kullum shagon nan sai an yi ta cewa na'ura ta tsaya, yau da yake ni ne, ta sami lafiya.

Muka isa jami'ar rana ta yi sanyi, an kulle ofisoshi. Wani dattijo mai gadi ya ji tausayinta ya kai mu sashen nasu. Ta yi ɗage, ta kare fuska da hannu biyu a jikin taga. Ƙananan gadoji a kan tebura, na itace, na waya, wata an ɗora mata bulo uku ba ta karye ba. Ta tsaya, ta tsaya, sai da dattijon ya fara kaɗa makullai. Ni ina bayanta ina cewa, "Garin nan naku sai ka ce ƙarshen duniya." Wannan ai ba sa baki ba ne, Malama, hira ce da mai gadi. Washegari kuma dole na dawo da ita ta inda muka zo, in ba haka ba in ce an gama gyaran cikin kwana ɗaya? Wata awa goma sha ɗaya. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kam sai da ya ci mini taya biyu.

Ku ba ku san abin da na sani ba. Ke allo kika sani, ƙaninki takarda ya sani, ni madubi na sani. Shekara talatin ina ganin 'ya'yan mutane ta cikinsa. Shekarar farko da bokiti da katifa, uba yana bin mota yana addu'a har bakin titi. Hutun farko su dawo da kewar gida, ko tsayawar mota ba sa jira. Shekara ta biyu sai babban hutu. Ta uku? "Direba, don Allah ka miƙa wa Babana wannan, zai jira ka a tasha." Leda, da hula a ciki, da turare. In sauko in miƙa wa tsoho, ya karɓa da hannu biyu yana godiya, idonsa kuma yana bayana, yana leƙen ƙofar mota ko za ta fito. Har fasinja na ƙarshe ya sauka yana leƙe. Sau nawa na ga haka? Sau nawa na ce, "Tana gaishe ka, Baba, ta ce karatu ne ya yi yawa," alhali ba ta ce ba? Yanzu ni ake so in koma bencin tasha, abokan aikina su riƙa miƙo mini leda? Su ce wanzami ba ya son jarfa. To ba ya so. Wa ya fi shi sanin zafin aska?

Kuma laifin wa ne ma tun farko, gadojin nan? Tana 'yar shekara shida, a kujerar gaba, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba, muna hawa gada ta ce, "Baba, me ya riƙe ta?" Na ce, "Allah." Sai ta ce, "To da me ya riƙe ta?" Na yi dariya har na kusa hawa shinge, na ba duk tasha labari. Daga ranar ba gadar da za mu wuce ban faka ba, in ɗora ta a wuya mu gangara mu leƙa ƙasa, tana ƙirga ginshiƙai, ina ƙirƙiro mata amsa. Ni. Ba ke ba, ba malamanta ba. Ni na shuka abin, yau ya yi tsawo ina neman gatari.

Saura ɗaya.

Babbar gadar nan mai igiyoyin ƙarfe, a kan sabuwar hanya take. Hotonta ta liƙa a saman gadonta tun tana aji huɗu na sakandare. Sau uku a mako nake bi ta kanta, ita ko sau ɗaya ba ta... da safen da za mu tafi ta goge gilas ɗin gaba da kanta, ɓangarenta, sau biyu. Na ɗauka ladabi ne. Yau da na leƙa ɗakin in ce ta yi sauri, bango wayam, sai tabon gam guda huɗu. Yaushe ta cire? Ke kin gani? Kin gani kika yi shiru ke ma?

Dakata. In ta san awa shida ce — ta san kwalta ce sumul, ta san ba wata kwanar gangare a can — to me ta ji tsoro? Ban tsorata ta da komai ba ke nan. Awa ashirin da biyu, taya biyu, Dogo, duk a banza. To don me za ta zaɓi ta nan?

A kwanar nan... ina nuna mata kwari, ina magana, ina magana. Na juyo sau ɗaya. Ba ƙasa take kallo ba. Ba ta ko leƙa motar Dogo ba. Hannuna take kallo a kan giyar mota, yana rawa, na ɗauka injin ne ke kaɗa shi. Injin a kashe yake.

Ni ta gani. Na ɗauke ta in nuna mata jami'a, ta dawo ta ga ubanta. Tausayina ta ji. Ni? Ni za a tausaya wa? 'Yar da na wanke wa kashi, ita ce za ta dube ni ta ce bari in zauna, tsohon nan ba zai iya ba? Wa ya roƙe ta? Da ta yi mini rashin kunya, da ta ce sai ta tafi ko ana ha-maza ha-mata, da na yi faɗa na kwana biyu na sauko na ɗaure mata katifa a saman mota da hannuna. Amma wannan... shekara huɗu za ta yi tana dawowa gida kowace yamma, tana miƙo mini ruwa, tana "To, Baba." Kuma in karɓa in sha?

Ta miƙe. Ta zauna a gaban mai kwamfutar. Yana tambayarta, tana amsawa, yana bugawa. Ba ta waiwayo ba.

Taku arba'in ne tsakanina da ita, ga titi, ga mutane a ƙofa, ba zan kai ba. Hon. Ta san hon ɗina a cikin motoci dubu, biyu gajeru ɗaya dogo, tun tana rarrafe take jin sa daga bakin layi ta nufi ƙofa. In na danna za ta tashi, ko yatsanta ya kusa taɓawa za ta tashi. Ga tafin hannuna a kai. Ya turo mata na'urar. Tana goge babban yatsa a mayafi.

Danna mana. Kai, danna... in ta fito ka ce mata me? Ka ce je ki? Bakinka zai iya?

Hannun ya yi nauyi. Wallahi, Malama, har yanzu ban sani ba — kiranta zan yi in ce ta tafi, ko so nake kawai in ga ta taso da gudu in na kira...