Bangon Mai Alli

"Fitar min da kwalbar nan daga ɗaki," in ji Mai Alli, yana cije leɓe.

Nas ko motsi ba ta yi ba. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, ta ga masu gardama iri-iri, amma taurin kan maƙwabcin nan nata ya fi ƙarfinta. Ciwon daji ya cinye masa ƙashin baya. Likita ya sallamo shi gida da kwalba ɗaya ta maganin kashe zafi mai ƙarfi, ya ce abin da ya rage a yi masa ke nan. Yau kwana tara tana kan tebur, ko murfinta ba a taɓa ba.

"Magani ne fa, bawan Allah. Likita ne ya rubuta."

"Wanda na fara da shi ma likita ne ya rubuta," ya ce, har da ɗan murmushinsa.

Kaf layin babu wanda bai san tarihinsa ba, don da bakinsa yake bayarwa. Makanike ne a da. Maganin tari ya raba shi da gareji da mutunci, har ya kai yana kwana bakin kwata. Da Allah ya farfaɗo da shi sai ya kama ɗaki ɗaya, ya shimfiɗa katifa biyu, ya shiga kwaso irinsa daga titi. Yanzu gidaje uku gare shi na gyaran masu shaye-shaye, da gado sittin, da ma'aikata. Lokacin da ya buɗe na farkon, na jikin katangarta, wanda a ciki yake zaune, Nas ce ta fara kai ƙara, wai ba za ta zauna da 'yan ƙwaya ba. Ba a rufa shekara ba ta koma yi musu allura kyauta, tana yi tana mita.

Dokarsa ɗaya ce, ita ta jawo masa sunan. A barandar gidan kowa yana da gefensa na bango. Duk safiya wanda ya wayi gari bai sha komai ba zai ja layi ɗaya da alli. Wanda ya zame kuwa zai ɗauki tsumma ya goge nasa gaba ɗaya da hannunsa, ya koma farko. Ba a bincike, ba a tilasta kowa. Mai Alli ne ke fara ja, kuma nasa na shekara ashirin da shida ya cinye bango guda, tun daga inda sai an taka tsani.

Da la'asar matarsa ta shigo wa Nas ko takalmi babu.

"Yaya, ki taimake ni. Ya ciji matashin kai har ya yage. Wallahi na kasa kallonsa."

Nas tana jiyo nishin ta kan katanga tun rana, zuciyarta ta gama karyewa. Ta shiga kicin ɗinsu ta dafa shayi, ta cika shi da sukari, ta auna cokali biyu daga kwalbar ta juya. Ta sha yi wa majinyata masu gardama irin wannan dabara, kuma godiya suke yi daga baya. Ya karɓi kofin, ya kurɓa, ya ɗan yi jim, sannan ya shanye. Kafin rana ta faɗi ya yi barcin da rabonsa da shi tun dawowarsa daga asibiti. Nas ta koma gida tana jin ta yi abin kirki.

Washegari da safe ya sa aka turo shi baranda a keken guragu, ya aika a kira ta. Mutanen gidan suna tsaye, kowa da allinsa, suna jiran ya fara.

"Shayin jiya ya yi daɗi, Nas," ya ce. "Shekara ashirin da shida rabona da wannan ɗumin."

Nas ta matso gabansa. "Ni na zuba. Kai ba ka sani ba, babu ruwanka. Ku shaida, ni ce!"

"Tun kurɓar farko na gane shi." Bai ɗaga murya ba. "Na gane, kuma na shanye. Miƙo min tsumma."

Wani tsohon direba da ya yi wata bakwai a gidan ya durƙusa gaban keken. "Haba Baba, don Allah! Wannan ai lalura ce."

"In na bar shi, gobe kai ma lalura za ta same ka. Tashi."

Ya jiƙa tsumman ya fara gogewa. Inda hannu ya gaza ya sa aka ɗaura masa a sandar tsintsiya. Farin ruwa ya riƙa gangarowa ta hannun rigarsa, yana yi yana hutawa, gumi yana zuba. Ƙatti masu gemu suna kuka a fili, amma babu wanda ya karɓe shi, don sun san dokar. Nas ta so ƙasa ta tsage ta shige. Da a ce zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Bai ƙara karɓar komai daga hannunta ba sai ruwan da ya ga an tara daga famfo. Bai daina yi mata barkwanci ba kuma, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Rana ta uku da hantsi nishin ya tsaya, sai ta jiyo kukan matarsa.

Bayan mutane sun watse ta shiga barandar ita kaɗai. Can sama kusa da rufi, inda sandar ta kasa kaiwa, tsofaffin layuka suna nan a jere. Ƙasa kuwa bango ya bushe fes, sai layi biyu karkatattu daidai tsayin mai zaune a keke, da guntun alli a gindinsu.