Can Ɗin Malama Ni'ima

"Kujerarki ga ta can, Madam," in ji Ni'ima, ta turo baki wajen taga.

Dariya ta ɓarke a ajin. Madam Eunice, wadda aka turo ta duba koyarwarta, makauniya ce kamar ɗaliban. Ta dogara da sandarta tana murmushi.

"Malama, can ɗin nan a wace unguwa yake? Ɗan Iya ko Ƙofar Dumi?" in ji Madam.

Bana aka ce duk mai koyar da makafi sai ya mallaki takardar shaida. Ni'ima ta ci jarrabawar rubutun makafi, saura wannan ta cikin aji. In ta faɗi, za a ɗauke ta daga ajin nan, a kai ta wata makaranta.

"Ai mun saba, Madam," in ji Zubaida, sarkin surutun ajin, wai ita mai taimako. "In ta ce can, taga ce. In ta ce nan, sai dai mu yi addu'a."

"Zubaida, don Allah!"

Ni'ima ta kwatanta kujerar da baki: hannun dama, bayan tebur. Ta koyar da lissafi da 'ya'yan dabino, kowa na taɓawa. Kafin a tashi Zubaida ta cinye amsarta.

Da aka tashi Madam ta ce, "Raka ni bakin titi."

Ni'ima ta miƙa hannu za ta kama bakin sandar, yadda 'yan jagora ke yi a kasuwa, sai ta fasa. Ta matso, ta ba ta gwiwar hannunta. Suka tafi a hankali, tana faɗa mata kwata kafin su iso ta.

"Wa ya hana ki jan sanda?"

"Zubaida. Ta ce ita ba akuya ba ce."

Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta shiga keke ta ce, "Ajin naki ne. Kin ji ni ko?"

Ni'ima ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa, murna ta hana ta magana. Sai da keken ya tashi ta farga. Ta tattare mayafi ta bi shi da gudu.

"Na ji, Madam! Wallahi na ji!"