Tiyon Da Ke Komowa Hannu

Duk direban da taya ta taɓa fashe masa tsakanin Jibiya da bakin iyaka ya san rumfar Ɗantala mai faci, ya kuma san halinsa. Mutum ne da in ka ce masa ga rami nan gabanka, sai ya taka ya ji zurfinsa kafin ya yarda. Shekara talatin da 'yan kai yana aiki a kan benci guda, injin iska na tari a bayansa, dogon baƙin tiyo na kwance a ƙasa da ɗaurin roba wajen bakwai a jikinsa.

Tiyon nan ne ya kayar da shi ranar kasuwa, a gaban jama'a. Ya taso zai ba wata taya iska, ƙafa ta sarƙe, ya kife, goshi ya fashe. Faɗuwa ta biyu ke nan cikin wata guda. Da labari ya kai Katsina, babban ɗansa Mudathir, malamin makaranta, ya bugo waya cikin ladabi amma ba wasa a muryarsa: "Baba, in aka yi ta uku zan zo in kwashe injin, ka zauna gida ka huta."

Hutu! Ɗantala ya ga abokansa da aka hutar, ya san yadda mutum ke tsufa cikin damina ɗaya a bakin zaure. Kuma ya san abin da kowa bai sani ba, cewa laifin ba na ƙafa ba ne. Tun bara wani hazo ya fara sauka a idanunsa, yana ƙaruwa. Faci dai hannu ke yinsa, hudar da ta fi ƙanƙanta ma da leɓe yake gano ta, in ya kara tayar kusa da bakinsa ya ji sanyin iska. Amma baƙin tiyo a kan ƙasar da baƙin mai ya rine, wannan ya fi ƙarfinsa. Bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Barira, domin tsoro yake ji ƙwarai.

Ran Talata da hantsi ya ɗingisa zuwa shagon Bubakar, mutumin Maraɗi mai sayar da kayan gyara a kusa da tasha. Sun saba tun Bubakar na tuƙa babbar mota yana kawo masa tayoyi.

"Malam Ɗantala, kai da wa kuka yi dambe?" in ji Bubakar, yana duban goshin.

"Ni da ƙasa, kuma ita ta ci. Tiyo nika so, irin mai naɗewa wanda aka ratayewa bisa benci. Kak ka ba ni na ado."

Bubakar ya sauko da guda biyu, sannan ya shiga ƙurya ya ɗauko na uku. Ɗantala ya zauna ya ɗora su a cinya. Na farko ya karya shi biyu, ya sake, ya bi wurin da babban yatsa. Alamar karin ta fito a jikin robar, ta ƙi kwanciya.

"Wanga rana ɗaya ta Jibiya ta ishe shi," ya ce, ya ture.

Na biyu ya miƙe shi iya tsawon hannuwansa ya saki. Ya koma, amma da lalaci, zoben ƙarshe ya saki baki. Ya ƙwanƙwasa kan ƙarfen a jikin haƙorinsa, ya yi tsaki. Gwangwani ne aka shafa wa ruwan tagulla.

Na ukun ya daɗe a hannunsa. Ya murɗa shi, ya danna farce, ya shinshina. Robar na da tauri da laushi tare, kamar fatar da ta sha jima. A gindin kowane kai akwai waya naɗe da za ta hana shi karyewa, kan kuma tagulla ce mai nauyi, tana juyawa ba tare da ta murɗe tiyon ba. Ya sa Bubakar ya riƙe gefe ɗaya, ya ja da baya har ƙofar shago, ya saki. Tiyon ya tattare kansa tsaf ya koma.

"Shi ne wanga. Baƙin nan za ka naɗe mani."

Shagon ya yi shiru. Tiyon rawaya ne shar, irin wanda ake hangowa daga tsallaken titi. Ɗantala ya ji shirun, ya san ya yi ɓarin da ba ya kwasuwa, ko da bai san ta ina ba.

"Rawaya ne, abokina," in ji Bubakar a hankali.

Ɗantala ya sunkuyar da kai, yana shafa zoben tiyon. Can ya ce, "Kak ka hwaɗi ma Mudathir."

"Ba ni hwaɗi. Amma wanga tiyo ba na shago ba ne, shi ya sa na aje shi ƙurya. Sati ukku ke nan Barira ta zo nan da kanta. Ta ce in sa a kawo mata wanda ba ya kwana ƙasa, wanda in an sake shi zai komo wurin da hannu ya bar shi. Ta ce kak in kai maka, don in an kai maka ba ka amsa, sai kai ka zaɓa. Na ce in bai zaɓe shi ba hwa? Ta ce in dai shi ne mai kyan, hannunshi ba ya kuskure."

Ɗantala ya miƙe, ya rataya tiyon a kafaɗa.

Bubakar ya ja ƙofar shagonsa, suka tafi tare. Da isarsu Bubakar ya kafa ƙugiya a azarar rumfa daidai kafaɗar dama, ya rataye tiyon, ya ɗaure shi da injin, suka shafa ruwan sabulu a mahaɗar ba kumfa ko ɗaya. Tsohon baƙin kuwa aka naɗe shi aka jefa bayan rumfa. Ɗantala ya ba tayar wani mai babur iska, ya saki, ya ɗaga hannu ba tare da ya juya ba. Tiyon yana nan inda hannu ya bar shi.

Da azahar ya koma gida, abin da ba ya yi. Ya tarar da Barira tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ya zauna a kan turmi kusa da ita.

"Barira, ba ni gani sosai."

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙaramar salla. Na yi lalle har gwiwar hannu, na kawo maka abinci, ka amsa ka ce an gode. Shekara talatin da takwas ban taɓa yin lalle ka bar ni na wuce ba tsiya ba."

Ya miƙa hannu, ta ajiye faifan ta ba shi nata. Ya riƙe, hawaye na bin gemunsa, bai damu ya share ba.

"Kira mani Mudathir," ya ce. "Ki ce mashi ya zo ya kai ni asibitin ido. Amma ya bar mani injina."

"Kai za ka hwaɗa mashi da bakinka," in ji ta, tana laluben wayar a gefen zani da hannu ɗaya, don ɗayan bai sake shi ba.