Kwamfutar da Auta Ya Sayo

Ranar da tsohuwar kwamfutar Mai Surfani ta mutu, rigunan wata makaranta ne jibge a shagonta suna jiran a ɗinka musu tambari. Shekara da shekaru wannan kwamfutar ce ke sarrafa keken surfaninta, duk zanen da ta taɓa yi kuma yana cikin faifan ajiyar kwamfutar. Ƙaninta, Auta, ma'aikacin ofis ne mai son sabon abu. Ya sayo mata sabuwa dal, ya ciro tsohon faifan ya dasa kusa da sabon, yana cika baki wai yanzu Yaya ta waye.

Aka kunna, komai ya buɗe tas, amma keken ko motsi. Manhajar da ke tuƙa shi ta tsufa, ta ƙi zama a sabon tsarin. Auta ya shiga wani shuɗin shafi da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, ya nuna mata kalmomi biyu: UEFI da Legacy. Ya ce hanyoyin tayar da na'urar ke nan, sabuwa da tsohuwa. Sabon faifan sai ta sabuwar yake tashi, nata kuma sai ta tsohuwar.

"To, a sa duka biyun mana," in ji ta.

"Wannan ɗaya take ɗauka, Yaya. Zaɓa za ki yi."

Ya shiga yi mata wa'azi: sabuwar ta fi sauri, ta fi tsaro, tsohuwar kuwa ana daina yayinta. Ta tambaye shi ko saurin zai ɗinka tambari. Ya ce ai sai ta sake keke. Kallon da ta yi masa ya sa ya haɗiye sauran maganar.

Suka tsaya a kan ta riƙa sauyawa: da safe tsohuwar don aiki, da yamma sabuwar don ta ga fuskar 'yarta da ke karatu a nesa ta kiran bidiyo. Sai dai shiga shuɗin shafin sai an danna wani maɓalli a daidai lokacin, kamar kamun ƙuda. Ta yi ta kuskurewa, tana kashewa tana kunnawa tana tsaki, har maƙwabcinta mai aski ya leƙo ko faɗa ake.

Wata safiya ta taɓa abin da ba shi ba. Allon ya yi baƙi ƙirin, da ɗan rubutu wai ba a ga faifai ba. Ta zauna a kan tulin rigunan, ta ɗauka zanenta kaf ya tafi. Ga shugabar makarantar na ta kira. Auta yana cikin taro, yana raɗa mata a waya ta danna sama, a'a, ƙasa, a'a, ta karanto masa abin da ta gani. Da ƙyar tsohon faifan ya dawo.

Tana jin allurar keken ta fara bugawa ta ce, "A nan za ta zauna. Kada wanda ya sake taɓa min ita."

"Yaya, sabuwar kwamfuta fa kika mayar tsohuwa."

"Ni ma tsohuwar ce, Auta."

Ta kai rigunan a makare, ta sha faɗa a tsaye a bakin ofishin shugabar makarantar. Auta ya yi fushi ya ɗauke ƙafa daga shagon. Da matarsa ta haihu, sai ga shi ya aiko da bargon jaririn, wai a roƙi Yaya ta ɗinka suna a gefe, da koren zare in akwai.