Majinyatan da na ƙera da laka

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda hayaƙi ke nutsewa cikin ƙasa, inuwa kuma ke riga mai ita shiga ɗaki. A can ma aikina bai canza ba: gwajin manhaja. An yi wa wani asibitin ido sabuwar manhajar kama layi, aka ce in gwada ko za ta jure cunkoso. Sai na zauna na ƙera dubban majinyata da laka, na koya wa kowanne abin da zai faɗa, na kora su zuwa asibitin kwali da aka gina don gwaji.

Shiru, ko ɗaya bai iso ba. Na bi waya ina shinshinawa, na kashe rana na sake kunna ta, duk a banza.

Shugaban aikin, Injiniya Barau, talotalo ne. Ya kumbura, ya ce netiwok lafiyarsa ƙalau, shi da kansa ya gaisa da shi da safe. Ya ce in je in tambayi Furokzi.

Furokzi jaki ne da ke zaune a ƙofar gari, kowa ta wurinsa yake bi. Ba shi da mugunta, sai dai duk wanda ya wuce ta gabansa da fuskar jaki yake fitowa, don haka a idon manhaja kowa adireshinsa ɗaya. Na tambaye shi mutanena. Ya ce ai sun wuce, ya kai su asibitin gaske.

"Na kwali na ce."

"Ka ce a ranka, Malam. Ni ba ka canza mini saiti ba."

Sai ga ni a asibitin gaske. Layi ya fita ta taga, ya hau bishiya ya sauko. Nan na tuna yau ce ranar Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifina, wadda ta daɗe tana jiran a cire mata yanar ido. Ita ma ta gaban Furokzi ta bi. Tana cikin jakunan nan, kuma likita ya ce da la'asar zai koma ƙwai, ba zai ƙyanƙyashe ba sai baɗi.

Injiniya Barau ya iso yana tafi da fukafukai. Ya ce gwaji ya yi kyau, manhaja ta ɗauki dubbai ba ta ko yi tari ba, za a ba ni lambar yabo. Na ce akwai mutum a ciki. Ya ce mutum ɗaya cikin dubbai ba ya fitowa a rahoto.

Na yi tunanin toshe adireshin, amma adireshin ɗaya ne, in na toshe, har da Gwaggo zai tafi. Wani na laka ma ya ja mini riga, ya tambaye ni cikin ladabi ko laifinsa ne da ya riga ta zuwa, alhali ni na turo shi.

Da dabara ta ƙare, sai na hau benci na yi abin da ake yi wa marar lafiya.

"Ya jiki?"

Dubban bakuna suka amsa da abin da na koya musu: "Ciwo, ciwo, a duba ni." Can baya, wata siririyar murya ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan, alhamdu lillahi."

Na diro ina ture jakuna. Kafin in kai, likita ya leƙo ta taga ya ce mai sauƙin nan ta koma gida, ta bar wa masu ciwo wuri. Ta yi masa godiya, ta juya tana laluben bango.

Ina buɗe baki in kira ta, maƙwabciyarmu ta tayar da injin markaɗe, na farka.